Sunan Yankan Gidaɗo

Kwana tara ke nan wayar Gidaɗo ba ta shiga. Raliya ta kira har ta haddace muryar matar nan ta kamfani mai ba mutum haƙuri, ta kuma tsane ta kamar ita ce ta ɓoye shi.

Kwana huɗu ya ce mata zai yi. Ruwan da aka yi bana a Nijar ya cinye garuruwa a wajen Maraɗi, gidajen ƙasa suka zube, rumbuna suka tafi da abin da ke cikinsu. Gwamnati ta haɗa motoci goma sha biyu na agaji, shinkafa da gero da barguna da gidan sauro, ta ce a kai wa maƙwabta. A nan Talata Mafara aka yi lodin shinkafar, kuma cikin direbobin da aka ɗauka har da Gidaɗo. Ranar da zai tafi dariya ma ya yi mata, wai aikin lada ne, ta daina ɓata fuska.

Ran Laraba ta dawo daga makarantar da take koyarwa a Bakura, ko hijabi ba ta cire ba ta ji muryar mahaifinta daga zaure. Alhaji Audu ba ya kiran mutum sau biyu.

Ta durƙusa a bakin tabarma. "Baba, ga ni."

"Yau wace rana ta?"

"Laraba, Baba."

"Jibi hwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Juma'a."

"To ina mutumin naki?"

Shekara biyu aka yi ana wannan rigima a gidan. Alhaji Audu bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ba. Direba ne, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida yawa, kuma ɗan Fulanin Damaga ne, ƙauyen da ko masu motar haya sai sun yi addu'a kafin su nufe shi saboda 'yan bindiga. Sai watan jiya, bayan Raliya ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta, ya sassauta da sharaɗi guda: Gidaɗo ya zo da kansa da magabatansa ranar Juma'ar nan. In ta wuce, kada a sake ambaton sunansa a gidan.

"Baba, ka san ba yawo ya tahi ba," ta ce. "Abinci ya kai wa mutanen da ruwa ya cinye gidajensu. Ka ƙara mishi ko mako guda, don Allah."

"Ni na aike shi? Shi da ya san ranar da nis sa mishi, yab bar ta ya bi mota. Yau tun ba a ɗaura ba kina kuka. Haka za ki ƙare, Raliya, kunne ga waya, ido ga ƙohwa. Ba ni yi miki dole ga kowa, kin sani. Amma wanga yaro, in Juma'a ta wuce, na gama da shi."

Tana shirin sake roƙo sai aka yi sallama. Mubarak ne, ɗan abokin Alhaji, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutumin da ya shekara uku yana kawo mata gaisuwa tana amsawa a tsaitsaye. Ba shi da aibu ko ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ta haushi game da shi.

Ya zube ya kwashi gaisuwa, ya tambayi gida da kasuwa da damina da jikin tsofaffi, bai rage komai ba. Amma bai kalli inda take ba ko sau ɗaya, shi da kullum idonsa ke riga bakinsa gaishe ta. Nan ta gane ba lafiya ba.

"Alhaji, magana gare ni, amma da Raliya ta shiga ciki tukuna."

"Ba inda za ni," ta ce. Ita kanta ta yi mamakin bakinta.

Alhaji ya harare ta, sannan ya ce wa Mubarak, "Hwaɗi, muna ji."

Mubarak ya cire hula ya riƙe a hannu. "Ɗazu jagoran tahiyar agaji ya samu ya kira ohis da layin wayar Nijar. Sun sauke kaya lahiya, sun juyo. Shekaranjiya suna ƙetare wani kwalbati ruwa ya ɓalle shi, mota guda ta hwaɗa ciki. Har yanzu tana ƙasan ruwa. An hidda gawa guda."

Raliya ta dafe bango.

"Wa?" in ji Alhaji.

"Lasin tuƙin da anka samu ga aljihu nai, Ishaku ar rubuce. Ishaku, Maradun. Daga nan layin ya katse, mun yi ta kira bai sake shiga ba."

Numfashin da ta riƙe ya kuɓuce mata. "Innalillahi, Allah ya jiƙan shi. Amma ba shi ba ne, Baba. Shi Gidaɗo sunan shi."

Mubarak ya kalli hularsa. Alhaji Audu ya zuba mata ido har ta tsargu.

"Gidaɗo," ya maimaita a hankali. "Kin taɓa jin liman ya raɗa wa jinjiri Gidaɗo? Laƙabi na. Mi as sunan shi na yanka?"

Ta buɗe baki. Sai a lokacin ta gane ba ta sani ba.

Ta san takalminsa lamba nawa ne. Ta san ba ya cin kuɓewa, ta san tabon da ke bayan kunnensa saniya ce ta yi masa shi yana ɗan shekara bakwai. Ta san yadda yake danna ham ɗin mota sau uku in ya wuce ta bayan makarantarsu. Amma a shekara biyun nan ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba ta tambaye shi sunan da aka yanka masa rago. Gidaɗo ya ce mata, Gidaɗo ta riƙe.

"Kin gani?" Alhaji ya juya ga Mubarak yana nuna ta da carbi. "Mutumin da take son ta mutu a kai, ko sunan shi ba ta sani ba."

Mubarak ya ce, "Raliya, ki yi haƙuri. Motoci sha biyu ne, ba lalle shi ba ne. Duk abin da Allah ya yi, ni ina nan."

Wannan "ina nan" ɗin ya fi duk maganar Alhaji yi mata ciwo. Ta tashi da gudu ta yi cikin gida.

A ɗakin Gwaggo Taiba ta zube. Gwaggo yayar Alhaji ce, ita ta raini Raliya tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ita kaɗai ce a duniya take ce wa Alhaji "Audu" gatsal ya amsa.

"Gwaggo, na shiga uku. In shi ne hwa? Gwaggo, in shi ne?"

"Rufe min baki, ba a kukan mutuwar da ba a tabbatar ba." Ta jawo kanta ta ɗora a cinya. "Ba ki taɓa ganin lasin nai ba? Ko katin zaɓe?"

"Me zai kai ni aljihunshi?"

"Abokai nai hwa?"

Raliya ta kira biyu da take da lambarsu. Dukansu amsa ɗaya suka ba ta, su Gidaɗo suka sani, a tasha ma Gidaɗo ake rubutawa a allon layi. Ɗaya har da tambayarta ko lafiya, ta kashe wayar ba ta amsa ba.

Gwaggo ta ce, "Inda anka yanka ragon, can za a san sunan. Gobe da sahe mu tahi Damaga."

"Baba ba zai bari ba."

"Audu ni na goye shi. Bar ni da shi."

Me ta faɗa masa, Raliya ba ta ji ba. Ta dai ga da safe ya fita kasuwa bai amsa gaisuwarta ba, bai kuma hana ba.

Daga Mafara zuwa Maradun mutanen motar hira suke, ana ta zancen ambaliya da tsadar taki. Da suka sauya mota suka ɗauki hanyar Damaga, hirar ta mutu da kanta. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin abin da ke taku biyar cikin gona. Duk ƙarar babur da ta taso daga nesa sai kowa ya daina motsi har ta wuce. Wata tsohuwa a kusa da Raliya salati take yi ba tsayawa.

Ita kam ba hanyar take tsoro ba. Sunan nan ne yake yawo a kanta, Ishaku, Ishaku, tana gwada shi a kan fuskar Gidaɗo tana addu'ar kada ya dace. Abin haushin, dacewa yake yi.

Gwaggo ta matso kusa da kunnenta. "Ki saurare ni. Can ba su da sabis, na tabbata labarin bai kai musu ba. Ba mu shiga gidan mutane da zancen mutuwa alhali ba mu san ta wa ce ba. Ni za ni magana. Ke ki kama bakinki, kin ji? Zuwanki gidan saurayi ma kaɗai abin magana na."

"Na ji, Gwaggo."

Gidan yana bakin gari, da danga da turken shanu a gefe. Maza duk suna gona. Mahaifiyar Gidaɗo, wadda kowa ke kira Dada, doguwar tsohuwa ce siririya, suka tarar da ita tana wanke ƙwarya a gindin bishiyar bedi. Da Gwaggo ta faɗi daga inda suke, ta dubi Raliya sau ɗaya ta kawar da kai tana murmushi. Ta gane ko wace ce.

Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka sake gaisawa, gajiyar hanya, mutanen Mafara, ruwa, shanu, cuta da sauro. Raliya tana jin kowace "lahiya lau" kamar ana ja mata rai da igiya. Wata matashiya mai tsohon ciki, Salma, surukar gidan, ta kawo ruwa, ta koma ta soma dama musu fura a bakin ɗaki.

Gwaggo ta gyara zama. "Dada, abin da ya kawo mu alheri na. Kin san gobe anka sa manya su zo. To ƙanena ya ce a zo mishi da sunan yaro na yanka, don liman ba shi ɗaura aure da laƙabi."

Dada ta ja gefen zane ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, ke ma dai. Ni za ki tambaya? Ɗan hwari na hwa."

"Na sani. Ki daure."

"Shekara talatin da ɗaya bakina bai taɓa kama sunan ga ba. Ko ran da ciwo ya kusa kashe shi ban kira shi ba. Yau da hurhurata za ni soma? Ku jira kawunshi shi dawo gona, shi hwaɗa muku."

"Yaushe shika dawowa?"

"Sai rana ta yi sanyi."

Motar ƙarshe mai komawa Maradun tana tashi kafin la'asar, kuma ba mai hankalin da zai bi hanyar nan bayan ta. Gwaggo ta juya wajen Salma. "Ke hwa, ɗiyata? Kin san sunan?"

Salma ta sunkuyar da kai tana juya ludayi. "Wan mijina na, Gwaggo. Yaya nike ce mishi."

Raliya ta ji kamar ta kurma ihu. Ga mata biyu a gabanta, kowace da amsar a bakinta, kowace kuma kunya ta ɗaure ta. A wata rana da abin ya burge ta. Yau kam ji ta yi kunyar nan za ta kashe ta a zaune.

"Dada," ta ce, hawaye na zubo mata. Gwaggo ta mintsine ta, ba ta ko ji ba. "Dada, ki dubi girman Allah. Ba sai kin hwaɗa ba. Ni zan hwaɗa, ke ki ɗaga min kai kawai."

Murmushin Dada ya soma gushewa. "Yarinya, mi ya kawo kuka ga zancen aure?"

"Raliya!" Gwaggo ta daka mata tsawa.

Amma ta riga ta rarrafa ta kama ƙafar tsohuwar. "Ishaku ne? Dada, sunan shi Ishaku?"

"Ishaku?" Dada ta yamutsa fuska. "Ina kika san Ishaku?"

Raliya ta tsaya cak. Sau biyu. Sau biyu sunan ya fita daga bakin Dada, sumul, ba rufe baki, ba kawar da kai. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana kewaye sunan ɗanta na fari ba za ta furta shi haka ba.

Ba sunansa ba ne.

Wani irin daɗi ya taso mata daga ciki ya rufe mata ido. Ta manta da Gwaggo, ta manta a gidan wa take. Ta kifa goshinta a kan tabarma tana kuka tana dariya.

"Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Gwaggo, ba shi ba ne! Ba shi ruwa ya ci ba, Ishaku ne! Allah na gode maka!"

Ƙwaryar fura ta faɗi a bayanta ta fashe.

Ta ɗago. Salma tana tsaye a bakin ɗaki, nono ya wanke mata ƙafafu, hannunta ɗaya a kan ciki, bakinta a buɗe ba sauti. Gwaggo Taiba ta ɗora hannu biyu a ka.

Dada ba ta motsa ba. Muryarta ma ba ta tashi ba. "Wane ruwa?"

Raliya ta sunkuyar da kai.

"Ke nike tambaya. Wane ruwa ya ci Ishaku?"

Gwaggo ce ta yi ƙarfin hali ta faɗa, a gutsure, kwalbatin da ya ɓalle, motar da ke ƙasan ruwa, gawa guda, lasin da sunan Maradun a kai. Kafin ta kai ƙarshe Salma ta sulale a jikin bango ta zauna cikin furar, sai a lokacin kukan ya fito mata, siriri mai tsawo, har shanun turke suka ɗago kai.

"Mijinta na," in ji Dada. "Autana."

Raliya ta ji duniyar ta juya. Autanmu. Haka Gidaɗo yake cewa kullum, autanmu ya yi aure, autanmu ya sami lasin, autanmu yana jigilar hatsi a kasuwar Maradun. Shi ma ba ta taɓa tambayar sunansa ba.

"Dada, ki yahe min," in ji Raliya. "Wallahi ban sani ba. Wallahi da na sani da harshena ya bushe kahin in hwaɗa. Kila ma ba shi ba ne, Ishaku nawa ne a Maradun? Me zai kai shi Nijar? Ai ba shi cikin waɗanda anka ɗauka."

"Ba shi ciki." Dada ta zare ƙafarta daga hannun Raliya a hankali. "Wan nai ya zo nan ana gobe tahiya. Ga inda ya durƙusa, inda kike. Yac ce in ba shi aron ƙane nai, su tahi mota guda, in wanga ya gaji wancan shi karɓa, don kada su kwana hanya. Na hana. Nic ce matar shi wata tara, ba inda za shi."

Mota guda. Kalmar ta daki Raliya a ƙirji, daɗin ɗazu ya zube gaba ɗaya. Motar tana ƙasan ruwa, gawa guda aka fitar, kuma mutum biyu ne a cikinta.

"To shi hwa?" ta ce da ƙyar. "Dada, shi yana ina?"

Dada ta kawar da kai. Idonta a bushe yake, kuma bushewar ta fi kukan Salma ban tsoro. Ta miƙe tsaye, ta tafi ta kama kafaɗar surukarta, sannan ta waiwayo.

"Kin san mi ya ce da na hana? Kuka ya yi min, ƙato da shi. Yac ce in bai dawo kahin Juma'a ba, uban yarinyar Mahwara ya rantse ba shi ba shi ita. Shi ya sa na bari."

Gwaggo ta kama hannun Raliya tana ja. "Tashi mu tahi. Tashi."

Raliya ta kasa tashi. Ta ɗaga hannu biyu tana roƙo.

"Ɗiya biyu na ba Juma'arku," in ji Dada. "Guda kin zo har cikin gidana kin yi hamdala bisa gawa tai. Tashi ki koma ki hwaɗa wa ubanki, ko ruwa ya maido min gudan, ba mu zuwa."